Ranar da Na Bi Muryar Inna Zuwa Babura

Shekarar da Inna ta rasu ita ce shekarar da na fi daɗewa a Kazaure tun bayan aurena. Wannan kun san shi, domin ku aka bari a Kano da babanku kuna cin girkin da ba ku so. Abin da ba ku sani da kyau ba shi ne abin da ya biyo bayan rasuwar, wanda har yau idan aka taɓo shi a gidan biki sai wata ta rage murya ta ce ai uwarku ce ta je ta karɓo kyauta. Kun ji labarin daga bakuna da yawa. Ga shi daga bakin wadda ta je.

Da jikin Inna ya fara nauyi na ɗauki hutu daga gidan rediyo na dawo jinya. Na zo da 'yar rikodar aikina, ba da wata niyya ba, sabo ne kawai. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ban da na fasfon aikin Hajji, wanda ita da kanta ta ce ba ita ba ce. Amma magana ba ta ƙi ba. Da hantsi, idan ta sha koko ciwon ƙafar ya lafa, sai in ajiye rikodar a gefen filo ta yi ta ba da labari. Rugarsu a ƙasar Gwiwa, sunayen shanun mahaifinta da halin kowace saniya, shekarar da fari ya kore su suka gangara wajen Roni, yadda aka kawo ta Kazaure ba ta jin Hausa sosai, wa ya haifi wa a danginmu har zuwa inda saninta ya ƙare. Wani lokaci ta juya Fulatanci ba ta ankara ba. Wani lokaci ta yi dariya har tari ya kama ta. Katin rikodar ƙarami ne, saboda haka da ya cika sai in juye abin da ke kai, in goge, in sake ɗauka.

Gidan yana hannun Yaya Mudi, kawunku. Akwai kwamfuta uku a cikinsa a lokacin. Babbar, ta kan tebur, tana falonsa tare da firinta. Matarsa Saratu, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, tana da laftof, ni ma ina da tawa. Wata tsawa da aka yi a daminar baya ta kashe ramukan filash na babbar, don haka Yaya ya kira wani mai gyara daga cikin gari ya ja wayoyi daga ɗakunan uku zuwa wani ƙaramin akwati mai fitilu a baranda, wanda ake kira rauta. Daga ranar Saratu tana daga ɗakinta ta danna, takarda ta fito a falo. Na ce wa mai gyaran ina son maganar Inna ta kasance a kowace kwamfuta, saboda tsaro. Ya ce an gama. Kafin ya tafi, kowace fuska ta sami folda mai suna Inna. Idan na zuba sabuwar hira a tawa, Saratu ta buɗe tata ta gan ta, Yaya ma haka.

Ni mutumiyar kaset ce. A ɗakin ajiyarmu na rediyo, idan ka ga shiri a kanta biyu, to kaset biyu ne. Ruwa ya ci ɗaya, ɗaya na nan. Da wannan idon na kalli folda uku na ce uku ne. Yaya ma'aikacin ofis ne, a wurinsa takarda idan tana fayil uku to kwafi uku ce. Saratu kuwa ta ga manyanta sun gamsu. Babu ɗayanmu da ya tambayi mai gyaran inda abin yake zaune.

Bayan sadakar arba'in na leƙo ku Kano na 'yan kwanaki, laftof ɗina na bar ta a Kazaure, sannan na koma don in tattara kayana. Na isa da rana. Ko mayafi ban cire ba Saratu ta leƙo ɗakina da laftof a hannu.

"'Yar rediyo, zo ki yi wa firintar nan sanarwa ko za ta ji. Ni dai ta daina amsa min, ga jarrabawa jibi."

"Malama guda ta kasa ladabtar da firinta," na ce, "ina ga 'yan aji?"

"'Yan aji suna tsoron bulala. Wannan ko na dake ta hannuna ne zai yi ciwo."

A wurin aiki an koya mana abu ɗaya idan sauti ya ɗauke ana tsakiyar shiri: kada ka zargi babban abu kafin ka duba ƙarami. Ka bi waya daga bakinta har gindinta. Na fita baranda. Fitilun rauta duk suna ci, har da ta wayar falo. Na kashe ta na kunna. Na jona tawa, na buɗe wurin da kwamfutoci ke ganin juna. Tawa ta ga ta Saratu, ta Saratu ta ga tawa. Sunan FALO, wanda mai gyara ya sa wa babbar, babu shi. A madadinsa akwai wani baƙon suna, haruffa da lambobi a haɗe, irin wanda kwamfuta ke zuwa da shi daga kamfani.

Ba na shiga falon Yaya idan ba ya nan. Ranar na yi sallama duk da na san babu kowa, na shiga, na ɗaga ƙyallen da Saratu ta saƙa aka rufe kwamfutar da shi. Sabuwa ce fil, ko ledar gefenta ba a cire ba.

"Au, ban gaya miki ba?" in ji Saratu daga bakin ƙofa. "Kina Kano ya sayo."

Sai na ga abin ya zo da sauƙi. Sabuwar ba ta san gidan ba. Na sa ta a rukuni ɗaya da sauran, na buɗe firintar ga na waje, na koma laftof ɗin Saratu na cire tsohuwar hanyar na nuna mata sabuwa. Ta danna, muka ji firinta ta yi ƙara ta ja takarda. Ta ce Allah ya yi min albarka, ta ƙara da cewa ashe dai ba surutu kaɗai ake koya mana ba. Na koma ɗaki ina jin daɗin kaina, na danna foldar Inna, domin tun rasuwarta na saba in ji ko kaɗan kafin in yi wani abu.

Kwamfutar ta yi jim, sannan ta ce ba ta sami hanyar ba.

Na sake dannawa. Na cire waya na mayar. Na kashe na kunna. Amsa ɗaya ce. Sai na matso da fuskata na dubi hoton foldar da kyau, abin da ban taɓa yi ba. A kusurwarsa ta ƙasa akwai wata 'yar kibiya lanƙwasasshiya. Na buɗe bayaninsa. Nauyinsa bai kai na gajeren saƙo ba, kuma inda aka rubuta mazauninsa, sunan FALO ne a gaba. Na karɓi ta Saratu na duba, kibiya ce. Na koma sabuwar na bincike ta lungu-lungu, ko kibiyar ma babu. Katin rikoda kuwa na riga na goge shi na yi wani aiki da shi a Kano. Wato wata da watanni ina zuba muryar Inna ta taga, tana faɗawa cikin ɗaki ɗaya, ni ina zaton ɗakuna uku nake cikawa.

"Saratu, ina tsohuwar?"

"Babana aka kai wa, Babura. Kin san ya daɗe yana so, saboda takardun Islamiyyarsa." Ta dubi fuskata. "Lafiya?"

"An taɓa ta?"

"Yayanki ya ce masa a wanke ta tas kafin ya fara aiki da ita, saboda takardun ofis. Baba ya ce sai ranar kasuwa zai aika wa mai gyara."

Kasuwar Babura washegari take ci. Mu biyun mun sani, babu wadda ta faɗa.

Yaya ya dawo bayan La'asar. Na bari ya ci abinci, domin ba a tarar mutum da irin wannan da yunwa a cikinsa. Da ya wanke hannu na durƙusa na yi masa bayani kamar yadda nake karanta labarai: abin da ya faru, inda abin yake, abin da zai faru gobe.

"Ai tana taki," ya ce. "Da kunnena na sha jin kina kunnawa a ɗaki."

"Daga falonka take zuwa, Yaya, ta cikin waya. Tawa hanya ce kawai."

Na juya masa fuskar laftof na nuna masa kibiyar. Ya daɗe yana kallonta. Yaya shi ne ɗan fari, kuma ya fi ni jin rashin Inna, ko da yake bai taɓa nuna hawaye a gaban kowa ba.

"Za a san yadda za a yi," ya ce.

"Gobe za a wanke ta."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni."

Sai na fahimci inda matsalar take, kuma ba a waya take ba. Malam Ila surukinsa ne, uban matarsa. Tun da aka ɗaura auren Yaya bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Tun daga bakin layi yake cire takalmi. Kwamfutar nan kuwa ba aike aka yi da ita ba. Da kansa ya ɗauka ya kai, ya durƙusa a zaure a gaban dattawan unguwa, Malam Ila ya sa masa albarka, aka shafa. A ce bayan wannan ya buɗe baki ya ce a dakata, akwai abin da ya manta a ciki? A wurin Yaya wannan daidai yake da ya miƙa wa surukinsa ƙwarya, ya fara sha, ya riƙe gindinta.

Shirinsa shi ne ya nemi wani dattijo abokin Malam Ila, ya yi masa bayani, dattijon ya je kamar ziyara, ya shigo da maganar ta gefe, a kai wata sabuwa a musanya cikin mutunci. Shiri ne mai kyau, irin wanda aka saba. Abu ɗaya ya rasa, shi ne lokaci. Dattijon yana Dutse, sai ƙarshen mako zai dawo.

"To Saratu ta kira shi," na ce. "Ta ce kawai kada a kai gobe."

Ya yi shiru, muka ɗauki shirun a matsayin izini. Saratu ta kira har ta gaji. Malam Ila ba ya kunna waya sai shi ke da wanda zai kira, kuma wayar tasa kaɗai ce a gidan. Na ce a kira maƙwabci.

"A kira maƙwabci a ce masa me?" in ji Yaya. "Kafin Magariba duk Babura ta ji Mudi yana neman abin da ya bayar."

"To ni zan je."

"Ba za ki je ba."

"Yaya, ba kwamfutar nake so ba. In kwafa kawai in dawo."

"Rakiya." Bai ɗaga murya ba, bai taɓa yi ba. "Ke gobe Kano za ki koma. Ni a nan nake, mutumin nan kakan 'ya'yana ne. Na ce ba za ki je ba."

"Idan aka wanke fa?"

"Inna ma kanta Allah ya karɓi abinsa, muka haƙura."

Na san ba har zuciyarsa ya faɗi haka ba, domin da ya faɗa ya tashi ya fita, Magariba da saura. Na kira babanku na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ya ba ni izinin tafiya, amma in sani Yaya ba zai manta ba. Na ce na sani.

Da gari ya waye na fita. Na ɗauki laftof ɗina da wayar jona ta da ke ɗakina. Na tsaya a baranda na dubi rauta, domin na san da ita aikin zai fi sauƙi. Amma ta Yaya ce, kuma wanda ka saɓa wa ba ka ɗaukar masa kaya. Saratu tana tsakar gida tana hura wuta. Ta gan ni da jaka, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da fifita. Ba ta hana ni ba, ba ta ce a sauka lafiya ba.

Motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma ranar kasuwa kowa da buhunsa. Rana ta ɗaga sosai kafin na sauka a Babura. Na sami Malam Ila a zaurensa, tsohon hedimasta, dogo, farin gemu, yana zaune a kan buzu. Na durƙusa daga nesa. Ya gane ni, ya yi murna, sannan ya fara gaisuwa irin tasa. Ya sake yi min ta'aziyya tun daga farko. Ya tambayi babanku, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da ajin kowa. Ya tambayi ruwan Kazaure da yadda gero ya yi. Ya sa aka kawo fura. Ni ina amsawa ina kallon kusurwoyin zauren, babu kwamfuta. Ba a katse dattijo, baƙo kuma ba ya faɗin abin da ya kawo shi kafin ya sha ruwa. Na ɗauki ludayi na kai baki.

"Kin ga abin da yayanki ya yi min?" ya ce. "Allah ya ba ni ɗa. Da kin yi sammako da kin gan ta. Tun da safe na sa aka kai wa Habu mai gyara a kasuwa ya wanke."

Na ajiye ludayin.

"Baba, a gafarce ni. Maganarta ce ta kawo ni, kuma ba za ta jira in gama fura ba."

Na faɗa masa a taƙaice. Bai katse ni ba. Da na gama ya shafa gemunsa ya yi tambayar da na yi ta tsoro tun a mota.

"Mudi ne ya aiko ki?"

Idan na ce eh, na yi ƙarya, kuma na sa Yaya ya zama wanda ya bi sawun kyautarsa. Idan na ce a'a, wata tambayar na zuwa.

"A'a, Baba."

"Ya san kin zo?"

"Ya hana ni zuwa."

"Ya san abin da ke ciki, ya hana ki zuwa."

"Kunyarka yake ji, Baba."

Ya jawo sandarsa ya miƙe, ya sa takalmi. Ya shige gaba, na bi shi a baya da tazara, muka ratsa layin masu hatsi da na masu canjin sefa, kowa yana tashi yana gaishe shi, shi kuma yana amsa kowace gaisuwa har ƙarshenta.

Shagon Habu rumfar kwano ce da janareta a bayanta da lasifika a gaba. Mutane sun cika bakinta da wayoyi, ana zuba musu wa'azi da waƙoƙi a kati. Ta tsakanin kafaɗu na hango kwamfutar a ƙasan tebur, da tabon kofin shayin Yaya a samanta, faifan wanki a ajiye a kai. Cinikin safe ne ya hana Habu taɓa ta. Ya ce da yana shirin farawa da an sauko daga Azahar.

Habu ya ce hanya mafi sauri a buɗe cikinta a ciro rumbun ajiyar bayananta. Malam Ila ya ce ba za a farke ta ba. Filash kuwa ba ya shiga. Saura waya. Aka ɗora ta a tebur, aka jona mata allo, na haɗa ta da tawa baki da baki. Fitilar ramin ta kama. Na buɗe wurin ganin juna, tawa ba ta ga kowa ba sai kanta. Na jira, na sake dubawa, babu. A gida rauta ce ke raba wa kowace kwamfuta lambarta, a nan babu mai rabawa. Na tuna mai gyaran Kazaure ya ce ya kafa wa babbar lamba ta dindindin saboda firinta. Dole in san lambar in ba tawa ta kusa da ita. Don in san ta, dole in shiga cikin babbar. Na juya ga allonta. Sunan Yaya ne a tsakiya, a ƙarƙashinsa farin gurbi yana jiran kalmar sirri.

A bayana na ji wani yana cewa, "Ba ita ce wadda surukin Malam ya ba shi ba?"

"Ita ce. Ga ƙanwarsa nan ta biyo ta."

Malam Ila yana tsaye a rana ya dogara da sanda. An kawo masa kujera ya ƙi zama. Ya ji, kamar yadda na ji.

Na gwada sunayen 'ya'yan Yaya. Na gwada na Saratu. Na gwada sunan unguwarmu. Habu ya ce zai iya fasa ta, amma bai yi alkawarin abin da ke ciki zai tsira ba. Na ciro wayata na fita bayan rumfar, kusa da janareta, inda ƙara za ta rufe maganata. Na kira Yaya, ta yi ta ruri har na ɗauka ba zai ɗauka ba.

"Kina ina?"

"Babura."

Na ci gaba da sauri.

"Ba a wanke ba, Yaya. Tana gabana. Kalmar sirrin nake so."

"Yana nan?"

"Yana tsaye."

"A gida?"

"A kasuwa."

Na ji numfashinsa. Na san abin da yake gani a ransa: surukinsa a tsaye a rana, ranar kasuwa, a bakin shagon masu waƙoƙi, saboda shi. Da ya kashe wayar a lokacin ba zan ga laifinsa ba.

"Sunan Inna ne," ya ce. "Na yanka. Ƙananan baƙaƙe."

Ya kashe.

Ban taɓa furta sunan ba, a nan ma ba zan rubuta ba, kun san shi. Na koma na buga shi da yatsa ɗaya. Ta buɗe. Na duba lambar, na ba tawa ta kusa da ita. Har yanzu ba su ga juna ba. Sai na lura tawa ta ɗauki wannan haɗin a matsayin na baƙon wuri, ta rufe ƙofofinta. Na ce mata na gida ne. Na sake dubawa, sunan FALO ya fito. Na shiga na ga foldar, wannan karon ba kibiya. Na ja ta zuwa tawa, wani koren layi ya fara tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa.

Yana tsakiya janareta ya fara tari, fitilar shagon ta yi ja. Laftof tana da batir, babbar ba ta da shi. Na ce wa Habu don Allah kada ya kashe. Ya ce ba a zuba mai inji na ci. Na ce na sani. Ya dube ni, ya dubi Malam Ila, ya kashe lasifikarsa da fankarsa da duk cajar da ke jikin bango, ya ce wa masu kati su yi haƙuri. Ƙarar injin ta ɗan daidaita. Shagon ya yi tsit, mutanen da ba su san ni ba suka tsaya suna kallon koren layi tare da ni. Aka kira Azahar, babu wanda ya motsa sai da ya kai ƙarshe.

Ban yarda da shi ba. Na zare wayar gaba ɗaya na ajiye ta a ƙasa, sannan na buɗe foldar a tawa. Na sa abin ji a kunne, domin Inna ba ta taɓa bari an ji muryarta a kasuwa ba. Na danna ta farko. Aka yi ɗan tari, sannan ta ce, "Kin kunna abin naki?" Na danna ta tsakiya, na danna ta ƙarshe. Duk suna nan.

"Ta samu?" in ji Malam Ila.

"Ta samu, Baba."

"Alhamdu lillahi. Habu, naɗe wayoyin. A kai mata tasha."

Na durƙusa a nan cikin ƙasar kasuwa. "Baba, ba ita na zo ɗauka ba. Yanzu a wanke ta, taka ce."

"Jiya tawa ce." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ki ce wa Mudi na gode. Ki ce masa da ya zo da kansa ya ce min muryar uwarsa ce a ciki, da a kaina zan ɗauko ta in kai masa har Kazaure. Ban san yana ganin zan fifita akwati a kan mamaciya ba."

Na roƙe shi. Habu ya roƙe shi. Wani dattijo mai sayar da goro ya sa baki. Ya ce lokacin salla yana wucewa, ya juya ya tafi masallaci.

Haka na shiga mota da ita a kan cinyata. Yamma ta yi lokacin da adaidaita ta sauke ni a ƙofar gida. Yaya yana zaune a dakali shi kaɗai, da alama tun ɗazu. Ya ga direban yana fito da ita, ya miƙe. Bai bari direban ya ajiye ta a ƙasa ba. Ya karɓa ya rungume ta a ƙirji.

"Ta fito duka?"

"Duka."

"Me ya ce?"

Aikina ya koya min kada in rage labari. Ranar na rage.

"Ya ce ya gode."

Yaya ya dubi abin da ke hannunsa, ya gyaɗa kai. Ba ya buƙatar sauran.

"Kin dawo da muryar Inna," ya ce. "Fuskata kuma kin bar ta a Babura."

Ya shiga da ita ciki. Ban sake ganin kwamfutar ba.

Sauran saƙon ya same shi daga baya ta bakin Saratu, kamar yadda ya kamata in zata. Malam Ila bai sake taka gidanmu na Kazaure ba har ya rasu, ko sunan jikansa wakili ya turo. Yaya bai fasa zuwa gaishe shi ba duk Salla. Yakan cire takalmi a bakin layi kamar da, ya durƙusa, a amsa masa da ladabi, a sallame shi kafin ruwa ya zo. Saratu tana tsakanin uba da miji, kuma wasan da ke tsakanina da ita ya mutu daga ranar. Ni da Yaya ba mu yi gaba ba. Yana zuwa duk abin da ya same ni, ina zuwa nasa. Amma bai sake shawara da ni a kan komai ba.

Na sha auna abin, kuma da za a mayar da ni baranda da safiyar nan, jakata zan sake ɗauka. Sai dai ba na so ku riƙa ba da labarin kamar ni ce na yi jarumta. Ni mota na shiga na dawo, na koma Kano bayan kwana biyu. Kowannenku yanzu yana da muryar kakarsa a hannunsa, yana jin sunayen shanun da suka mutu tun kafin a haife ni. Wanda ya ɗauki nauyin haka shekara da shekaru shi ne mutumin da ya ce kada in je, kuma da na kira shi daga bayan rumfar Habu bai hana ni kalmar ba. Idan kun kunna kun yi wa Inna addu'a, ku sa Kawu Mudi a ciki.